Yariman da Ya Zama Dutsen Marmara

A wani zamani mai tsawo, tun ana jin muryar aljanu a cikin duwatsu, an yi wani sarki a ƙasar Tumbarka mai suna Huzaifa, wanda Allah ya hore wa dukiya da rundunoni, amma bai ba shi ɗa ba sai guda, Yarima Mundiru. A tsakiyar fadarsa akwai wani soro da ake kira Soron Haske, wanda aka gina tun daga daɓe har ginshiƙai da farin dutsen marmara, mai sanyi da santsi, har baƙo yakan ga fuskarsa a bango ya gyara rawaninsa.

Wata rana da tsakar rana wuta ta tashi a ɗakin ajiye man turare, ta bi labulaye ta kama rufin soron. A lokacin akwai mata masu shafen ɗaki da ke aiki a ciki. Duk suka tsere, sai wata tsohuwa mai ciwon ƙafa, Inna Tabawa, da hayaƙi ya rufe. Fadawa suka tsaya a waje suna ta salati, kowa na duban ɗan'uwansa. Yarima Mundiru kuwa ya kutsa ciki, ya sunkuya a kan tsohuwar daidai lokacin da wata azara mai ci da wuta ta faɗo, ta sauka a kafaɗarsa. Ya tura ta waje ta ƙofa, sai rufin ya rufto a bayanta.

Da wuta ta mutu aka shiga neman gawa, sai aka tarar da Yarima a tsaye, hannu a miƙe, ya zama dutsen marmara, kunkunniya ta mai da shi baƙi ƙirin. Sarki ya faɗi a gabansa yana kuka. Nan take babban ginshiƙi ya tsage, wani tsohon aljani mai suna Zamhariru ya fito, ya ce, "Ya kai sarki, shekara dubu ina zaune a cikin wannan dutse, ban taɓa ganin ɗan sarki ya shiga wuta saboda talaka ba. Shi ya sa na mai da shi dutse don kada ya ƙone. Amma hayaƙi ya shige jikin dutsen. In aka fitar da shi duka kafin rana ta faɗi a kwana na arba'in, ɗanka zai dawo. In ba haka ba, dutse ne har abada. Kuma ka sani, duk abin da aka kankare daga dutsen nan, daga jikinsa aka kankare." Yana gama faɗa ya koma cikin ginshiƙi.

Sarki ya sa aka yi shela, masu ganin sun iya suka yi ta tururuwa. Sarkin Yaƙi ya zo da yashi da soso, aka yi sa'a sarki ya hana shi. Sai ga Sarkin Bokaye da rigar layu, yana taƙama yana cewa ai abin wasa ne. Ya kwana tara yana surkulle, sannan ya haɗa ruwan tsamiya da na lemun tsami ya ɗiga a ƙaramin yatsan Yarima. Yatsan ya yi kumfa, ya yi fari, fadawa suka ɗauki kirari. Kafin su rufe baki, kan yatsan ya zube kamar gari. Boka ya ce zai je ya ɗauko wani magani a gida, har yau ba a sake ganinsa ba.

To, Inna Tabawa tana da 'ya guda mai suna Lantana, wadda ta gaji sana'ar shafen ɗaki da farar ƙasa. Tun ranar gobara uwar ba ta da magana sai ɗaya: "Lantana, ko na gode ban ce masa ba." Wannan magana ta hana Lantana sukuni. A kwana na goma ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi fada, ta durƙusa ta ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ni 'yar tsohuwar nan ce da Yarima ya fitar daga wuta. Ba ni da tsafi, ba ni da laya. Abin da na sani shi ne, in mai ya zube a dutsen niƙa ba a kankare shi, farar ƙasa ake shafa masa, ita ke tsotse shi. A ba ni izini in gwada a daɓen soro tukuna, in ya ɓaci, daɓe ne ya ɓaci."

Sarki ya dube ta da jajayen idanu ya ce, "'Yata, ke ce ta farko da ta nemi gwadawa a wani abu kafin ɗana. Je ki gwada."

Bayan kwana uku aka ɓamɓare ƙasar daga daɓe, ta fito da baƙi a cikinta, wurin ya yi haske, santsinsa bai taɓu ba. Sarki ya ce a bar mata soron.

Lantana ba ta fara da ruwa ba, domin ta san ruwa tura kunkunniya ciki yake yi. Ta ɗauki gashin jimina ta yi ta kakkaɓe jikin dutsen a hankali, tun daga rawani har takalmi. Sannan ta kwaɓa farar ƙasa da ruwan sama da aka tara a sabuwar randa, ta yi kauri kamar kunun da ya kwana, ta shafe Yarima da ita kaf, ta lulluɓe da farin ƙyalle. Daga nan ba sauran aiki sai jira, har ƙasar ta bushe ta jawo hayaƙin, sannan ta ɗaye ta da ɗan katako, ba ta yarda ƙarfe ya kusance shi ba. Kowane shafi kwana uku yake ci. Kuma duk lokacin da ta ɗora hannu takan ce a hankali, "Inna ta ce a gode maka."

Jiran nan shi ya fi ƙona wa fadawa rai. Mutanen da suka kasa taka ƙofar soro ranar wuta, yanzu su ne masu bakin cewa an bar wata mai shafen ɗaki tana binne ɗan sarki da laka. Lantana ta yi kunnen uwar shegu da su. Baƙi ya koma toka-toka, toka-toka ya koma ruwan madara, fuskar Yarima ta fito har ana iya ganin gashin girarsa.

Ranar kwana na arba'in, bayan la'asar, ta ɗaye shafi na ƙarshe. Jiki ya yi fari fat, sai tabo guda mai ruwan ƙasa a kafaɗar hagu, faɗinsa kamar tafin hannu, ya gangaro har kusa da ƙirji. Rana ta karkata, ba sauran kwana uku.

Waziri ya miƙo dutsen wasa wuƙa ya ce, "Ranka ya daɗe, a goge wurin. Gara ya dawo da rauni da ya tabbata dutse." Sarki ya gyaɗa kai.

Lantana ta karɓi dutsen wasan. Sai idonta ya kai kan ɓawon ƙasar da ta ɗaye daga kafaɗar. Ta ɗaga shi ta juya cikinsa, ta ga fari ne tas, babu ko ɗigon baƙi. Ta ajiye dutsen wasan ta ce, "Allah ya ba sarki nasara, ba zan goge ba. Tabon nan ya yi zurfi, in na bi shi sai na kai ga zuciyarsa. Kuma a dubi ƙasar nan. Da akwai sauran hayaƙi, da ta jawo shi. Wannan ƙuna ce, nan azara ta sauka lokacin da ya kare uwata. Ba datti ba ne da zan cire masa. In na yi kuskure, ga wuyana."

Sarki ya daɗe yana duban ɓawon ƙasar, sannan ya ce wa Waziri, "Ɗauke dutsen wasan nan." Lantana ta narka kakin zuma ta shafa wa jikin Yarima, ta goge da tattausar fata, har da tabon, yana ta sheƙi. Rana ta taɓa bakin ganuwa.

Sai ginshiƙi ya sake tsagewa, Zamhariru ya fito, ya zagaya Yarima yana shinshinawa. Ya ce, "Hayaƙi na ce a fitar, kuma ya fita. Da kun goge tabon nan, da gawa na mayar muku." Ya hura wa dutsen iska. Hannun da ya kwana arba'in a miƙe ya sauko, Yarima ya ja numfashi ya yi tari, ya ce, "Tsohuwar ta fita?"

Sarki ya rungume ɗansa yana hamdala, birni ya ɗauki guɗa. Da Yarima ya natsu ya ce, "Ranka ya daɗe, ina cikin dutse ba na gani, amma ina ji. Akwai wata murya da kullum take isar mini da godiya. In mai ita ta yarda, ba ni da wata matar sai ita." Lantana ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce sai abin da Inna ta ce.

Aka gyara Soron Haske dutse bayan dutse, ta hanyar da Lantana ta koya wa magina, kuma a cikinsa aka ɗaura auren. Ran nan aka ɗauko Inna Tabawa a kan doki, aka kawo ta gaban ango. Sarki da kansa ya miƙe zai yi mata godiya saboda 'yar da ta haifa, amma tsohuwa ta ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini haƙuri, tawa godiyar ta fi taka daɗewa." Ta miƙa hannu ta ɗora a kafaɗar Yarima, daidai inda tabon yake a ƙarƙashin alkyabba, hawaye na zuba, ta ce, "Ɗana, na gode."