Katun Ɗin da Najiba Ta Roƙi Abbanta Ya Kalla

Akwai wani bawan Allah ɗan Kano mai suna Alhaji Ghali, wanda ya shekara goma sha ɗaya a birnin Guangzhou na ƙasar China. Aikinsa raka 'yan kasuwarmu sarin kaya, ya yi musu tafinta, ya loda musu kwantena. Duk wanda ya taɓa zuwa sarin takalma a kasuwar Zhanxi Lu ko tufafi a ta Baima, in bai san fuskarsa ba ya san lambarsa.

Ghali ya iya Sinanci, magana da karatu, kuma ya san ya iya. Irin mutanen nan ne da ko gaisawa kuke idonsa na kan agogo. Ba mugu ba ne, wannan kam zan yi masa shaida. Amma a wurinsa duk abin da ba a saka shi a kwali a rufe da salatif, to wasan yara ne.

Iyalinsa na Kano, a Gyaɗi-Gyaɗi. Matarsa Hasiya da 'yarsu guda ɗaya, Najiba, mai shekara goma sha biyar. Najiba sikila gare ta. Tunda ta shiga sakandare ba ta taɓa kammala zangon karatu ɗaya ba tare da an kwantar da ita ba. A shekarar da nake ba ku labari ciwon ya taɓa mata ƙirji, har likita ya keɓe Hasiya ya ce a daina ɗaukar kowane zazzaɓi da wasa. Ghali ya ji wannan magana da kunnensa ta waya.

Kullum bayan magariba, lokacin da Kano ke tsakar rana, yakan kira ta. Tambayoyinsa uku ne, ba sa canjawa. Kin sha magani? Kin yi salla? Me zan sayo miki? Da ta amsa sai ya ce a ba shi Ummanta. Kiran ba ya wuce minti huɗu, shi kuma a ransa ya sauke nauyi.

Wata rana da ya zo kan tambaya ta uku, maimakon ta ce ba komai kamar yadda ta saba, sai ta ce, "Abba, ni ba saye nake so ba. Wani abu za ka yi min."

"Ina jin ki."

"Akwai wani katun na Japan da nake kallo, na 'yan makaranta. Zangon ƙarshe ya fito, an ce a can wajenku akwai shi da fassarar Sinanci. Kashi goma sha biyu ne kawai. Ka riƙa kallon ɗaya kullum, in ka kira sai ka ba ni labari."

Ita kuma ta ɗauka dama ta samu. Ta shiga zayyana masa: wani yaro ne matsoraci da wata yarinya mai tsiwa, su aka ɗora wa sharar aji. Shekara biyu yana sonta ya kasa faɗa. Duk wasiƙar da ya rubuta sai ya yi kuskure ya jefa ta a akwatin da wani ɗalibin ke ajiye takalminsa a makaranta, har akwai wadda ta faɗa hannun ƙaton da ke shugabantar 'yan kokawar makarantar. Tana ba da labarin tana dariya, dariyar na sarƙewa da tari.

Ghali ya ce, "Najiba, ni da girmana, da gemuna, in zauna ina kallon zanen yara suna soyayya? Wannan ne abin da kike ɓata lokacinki a kai?"

"Ai babu abin banza a ciki, Abba. Umma ma ta gani. Makarantar ce take burge ni, yadda suke zuwa kullum."

Duk mai kunne ya ji abin da yarinyar nan ta faɗa. Shi bai ji ba. Ya ce zai duba in ya samu sarari, a ba shi Ummanta.

Sati ya zagayo, ta tuna masa. Ya ce kwantena biyu yake lodawa. Wani satin ta sake, ya ce baƙi ne suka sauka daga kasuwar Kwari. Don ya wanke kansa sai ya shiga wani shago ya saya mata jakar makaranta mai hoton wasu 'yan katun masu manyan idanu, ya ba wani mai komawa gida. Ko tambaya bai yi ba ko su ne nata. Ba su ba ne, amma ta yi godiya.

Akwai wata mata 'yar Kumasi, Hajiya Hawawu, mai dafa tuwo da shinkafa da wake a wani bene inda mutanenmu ke cin abincin rana. Wata rana yana cin abinci saƙon murya ya shigo, ya kunna a fili. Muryar Najiba ce, a sanyaye: "Abba, ko kashi ɗaya ne ka kalla. Minti ashirin da huɗu ne."

Ya girgiza kai ya ce wa na kusa da shi, "Ka ji yaran zamani. Ina nan ina kashe kaina don a samu na ƙarin jini, ita katun ne damuwarta."

Hawawu ta ajiye ludayi ta ce da Hausarta ta Ghana, "Alhaji, yarinyanka ne?"

"'Yata ce."

"Ni nawa uku na Kumasi, ba mai roƙona komai sai waya da takalmi. Da ɗaya zai roƙe ni in zauna in ba shi labari, wallahi sai in kashe murhu. Ka ci tuwon nan minti nawa?"

Mutane suka yi dariya. Ghali bai yi ba. Ya ce mata ta ji da tukunyarta, ya wanke hannu ya fita, kuma ya daina cin abinci a wurinta har wata guda.

Da watan Oktoba ya kama aka buɗe babbar kasuwar baje koli a Pazhou. Nan ne kakar Ghali. Tun safe yana gaba, alhazai biyar ko shida na biye da shi, daga wannan rumfa zuwa waccan, masu masana'antu na kiransa lawban, wato maigida, yana jin daɗi. A cikin kwanakin ne aka kwantar da Najiba asibiti.

Ya kira ta yana tsaye a bakin wata rumfar injinan ɗinki. Bayan tambayoyinsa uku ta ce, "Abba, ka kalla kuwa?"

Alhazai na jiransa, ɗaya har yana nuna masa agogo. Sai ya ga hanya mafi sauƙi.

"Na kalla mana. Duka na kalla."

"Da gaske? To ya aka ƙare?"

"Yaron ya faɗa mata, ta yarda. Iyaye suka shiga maganar, aka yi biki. Shi ke nan, kowa ya huta."

Ta sake tambayarsa a hankali.

"Biki aka yi, Abba?"

"Babban biki ma."

"To. Na gode, Abba. Allah ya ƙara buɗi."

Daga ranar ba ta ƙara tayar da maganar ba. Shi kuwa har yaba wa kansa ya yi, ya ce ashe abin bai kai ya kawo ba.

Kwana shida bayan haka, da la'asar, yana cikin baje kolin yana ciniki, Hasiya ta kira. Ba ta saba kiransa a wannan lokacin ba. Bai ji maganarta sosai ba saboda hayaniya, sai da ya toshe ɗaya kunnen. Najiba ta rasu bayan asuba.

An kai ta kafin azahar ɗin Kano. Ghali na zaune a dakalin tashar jirgin ƙasa ta Pazhou aka yi wa 'yarsa salla, ƙanensa ne ya tsaya a madadinsa. Kuma saboda cunkoson baƙi bai samu kujerar jirgin sama ba sai ta bayan kwana biyu.

Washegari da hantsi ya kulle kansa a ɗaki, ya nemo katun ɗin a waya. Ko minti biyu neman bai ɗauke shi ba. Ya kalli kashi na farko, ya wuce na biyu. A na huɗu, da ƙaton ɗan kokawar nan ya zo da furanni yana neman wanda ya rubuta masa wasiƙa, sai Ghali ya ji dariya ta kuɓuce masa. Dariyar ce ta zama kuka, irin wanda bai yi ba ko da aka gaya masa rasuwar.

Kafin la'asar ya gama duka. Babu biki a ciki, ko alamarsa. A ranar sallamar ɗalibai yaron ya tsaya gaban yarinyar ya buɗe baki, sai ya ce mata ta manta ba ta goge allo ba. Ita ce ta ƙwace wasiƙar daga aljihunsa ta karanta da kanta.

Abu ɗaya ya riƙe a jirgi yana lallashin zuciyarsa da shi. Ya ce ko ba komai ta tafi tana ganin Abbanta ya cika mata alkawari.

Bayan addu'ar bakwai, da gida ya rage mutane, ya samu Hasiya a ɗakin yarinyar tana naɗe kayan makaranta. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Akwai abin da ke cina. Katun ɗin nan, ƙarya na yi mata. Ban kalla ba sai da ta rasu."

Hasiya ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ta sani, Abban Najiba."

"Ta sani kamar yaya?"

"Tun kafin babbar salla ta gama kallonsa da fassarar Turanci. Sau biyu ma, na biyun tare muka kalla."

"To me ya sa ta ce sai ni?"

"Na tambaye ta. Ta ce in kana ba ta labari dole ka daɗe a waya. Ta ƙirga, ta ce kwana goma sha biyu za ta samu."

Hasiya ta ajiye hijabin da ke hannunta, sai a lokacin ta dube shi.

"Ranar da ka ce mata an yi biki, da ta ajiye wayar ta juya bango ta daɗe. Na ce bari in kira ka in gaya maka gaskiya. Ta riƙe min hannu ta ce, Umma kar ki faɗa masa, zai ji kunya."

Darasi: Idan ɗanka ko 'yarka ya kawo maka abin da kake gani shirme ne, kada ka tsaya auna abin, ka duba wanda ya kawo shi. Sau da yawa kai yake nema, ya rasa ta inda zai ɓullo maka ne. Ciyarwa da magani wajibi ne, amma ba sa zama a madadin zama da sauraro, kuma ƙaryar da ka yi don a ƙyale ka yaro na gane ta ko bai faɗa ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ku tura wa duk wani uba da nema ya kai shi nesa, in kuma kai ne, ka kira gida yau, kada ka yi saurin cewa a ba ka Ummansu.