Ƙudan Zumar Jatau a Gaban Dagaci

A ƙauyen Rafin Gawo an yi wani manomi, Jatau, mai amya a kan ɗorawa. Dagaci ya daɗe yana kwaɗayin zumar nan, rannan sai ya sa aka kira shi.

Ya ce, "Jatau, ƙudan zumarka suna shan furen riɗina ba izini. Ko ka hana su shiga gonata, ko amyar ta zama tawa."

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa gobe."

Washegari sai ga shi da tulu, an toshe bakinsa da tsumma, ciki sai ƙugi yake yi.

Dagaci ya ce, "Mene ne wannan?"

"Masu laifin ne, ranka ya daɗe. Na yi musu faɗa, kowanne ya rantse ba shi ba ne. Tunda kai ka gan su, bari in buɗe ka nuna mini su ɗaya bayan ɗaya."

Ya kai hannu kan tsumman. 'Yan majalisa suka fara laluben takalma.

Dagaci ya ja rawani ya rufe fuska. "Tsaya, Jatau! Na tuna, na jeji ne. Mai da bayin Allah gida."