Kurwar Zabuwa a Jikin Hawainiya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu saurara.

Mayu suka addabi daji, sai Zabuwa ta sa boka ya yi mata kwafin kurwarta, a kai kogo ajiya. Saura mai ɗauka.

Kunkuru ya ce, "Yaya, a ƙoƙo zan kai, ta hanyar kowa."

Hawainiya ta ce, "Mayu su gani? Ni sawa zan yi a jikina, in cire a can."

Zabuwa ta ba Hawainiya, ba ta tambayi yadda ake cirewa ba.

Da Hawainiya ta isa kogo, kurwa ta ƙi fita daga jikinta. Hawainiya ta dawo, ta kira 'ya'yan Zabuwa da muryar uwarsu, suka bi ta.

Zabuwa ta kai ƙara wurin Zaki, sarkin daji. Zaki ya ce, "Wace ce uwar?"

Murya ɗaya ta amsa daga baki biyu: "Ni ce, ranka ya daɗe."

Shari'a ta gagari Zaki. Ƙurunƙus kan kusu. Ni dai na ce a mayar wa Zabuwa da 'ya'yanta.