Cindo Direba da Jarkar Gas Ɗaya

A wani gari, ba sai na kama suna ba, an yi wani mutum, wani bawan Allah da ake kira Cindo direba. Ku saurara da kyau, jama'a, labarin nan ba mai daɗi ba ne.

Wata shekara rijiyoyin wani ƙauye da ke bayan tudu suka ƙafe. Wani attajiri, Alhaji Mudi, ya samu kwangilar kai musu ruwa. Ya sayo a-kori-kura, irin manyan nan masu shan gas, da tankin ruwa mai tayoyi da ake ɗaura mata a baya tana ja. Dillalin da ya sayar masa ya rantse jarka ɗaya ta gas ta isa zuwa da dawowa. Ba ƙarya zalla ya yi ba. A kan kwalta ya gwada motar, ba ta jan komai.

Aka ba Cindo makulli. Ya cika tankin ruwa fal, ya kama hanya. Hanyar kuwa yashi ce, bayan yashi sai hawa, mota na nishi da ƙaramar giya. Kafin ya dawo ta kusa shanye jarka biyu.

Ya tafi wajen Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, motar nan in tana jan ruwa, jarka ɗaya ba ta isarta."

Alhaji ya ce, "Wanda ya sayar mini ya fi ka sanin ta."

Amma ya riƙa ba da biyun, yana bayarwa yana harararsa.

Akwai wani direba a tashar, Sallau. Ya ja Cindo gefe ya ce, "Yaya Cindo, kai ma da wahalar da kai. Zuba ruwa rabin tanki mana. Wa zai hau ya leƙa? Mota ta yi sauƙi, Alhaji ya yi murna."

Cindo ya ce, "Ka taɓa ganin layin matan nan? Tun hantsi suke tsaye. Da tankin a cike ma, ta ƙarshe rabin bokiti take samu. In na rage, me zan ce mata?"

Kun ji fa. Me zan ce mata.

Ba a yi wata biyu ba, Alhaji ya zo tasha da rana tsaka, direbobi da makanikai na zaune, ya ɗaga murya: "Cindo, wa kake sayar wa gas ɗina? Wane ɗan bumburutu ne abokin cinikinka?"

Cindo ya durƙusa. Mutum mai furfura, jama'a, ya durƙusa a ƙasa mai baƙin mai. Ya ce, "Ranka ya daɗe, don Allah ka shigo mu je tare sau ɗaya. Sau ɗaya kawai, ka gani da idonka."

"Ba ni da lokacin ɓarawo. Kawo makulli."

Daga ranar ba wanda ya sake ba Cindo mota. Duk inda ya je, labari ya riga shi. A masallaci in ya tsaya, na kusa da shi ya dafe aljihu. Ya koma tura kurar ruwa a unguwa, shi da ya yi shekara ashirin da biyu a kan sitiyari. Ciwon ƙirji ya kama shi. Matarsa Hansatu takan ce, "Malam, da ka rage ruwan nan." Sai ya ce, "Da na rage, da abin da suke faɗa ya zama gaskiya."

Sallau ya karɓi motar, jarka ɗaya kuma ta riƙa isa. Alhaji na ta yabonsa. A ƙauye kuwa, rabin layi suka koma kwalfar ruwan kududdufi, ciwon ciki ya shiga gidaje. Sun yi kuka, ba mai jin su.

Sai bayan shekara biyu waɗanda suka ba da kwangilar suka aiko a duba aiki. Dole aka cika tankin ruwa fal a gabansu, aka zuba jarkar gas ɗaya kamar kullum, Alhaji ya shiga gaban mota da kansa. A hanyar dawowa, tun ba su fita daga yashi ba, gas ya ƙare, inji ya mutu. Alhaji ya dubi Sallau, Sallau ya sunkuyar da kai. Nan ya gane komai.

To, kuna tsammanin ya ruga gidan Cindo? Bai je ba. Kunya ta hana shi. Ya ce sai jibi. Ya ce sai bayan Sallah. Ranar da ya je, tabarmin zaman makoki ya tarar a ƙofar gida.

Ya nemi gafara wajen Hansatu. Daga bayan labule ta ce, "Alhaji, ba ni ka kira ɓarawo ba. In da gaske kake, ka je tasha ka faɗa musu, da irin muryar da ka yi ranar."

Ni dai ban ji an ce ya je ba.

Jama'a, ga abin da nake so ku riƙe. Kada ku tuhumi mutum a kan aikin da ba ku taɓa bin sa kun ga nauyinsa ba. Kai mai shago, ke mai 'yar aiki, kai da ka ba wani babur: maganar wanda ya sayar maka ba hujja ba ce a kan wanda yake yi maka wahala. Ka je ka gani. In kuma ka gane ka zalunci wani, yau za ka je, ba jibi ba, a gaban mutanen da ka tozarta shi.

Kai kuma mai riƙon amana, ba zan yaudare ka ba. Kana iya mutuwa duniya ba ta wanke ka ba, kamar yadda Cindo ya mutu. Sakamakonka yana wajen Allah. Amma ku dubi sahun nan da muke zaune: akwai wanda muke dafe aljihu in ya matso, a kan maganar da ba ɗayanmu da ya bincika. Allah Ya yafe mana, in masu haƙƙin sun yafe.