Bindigar da Ta Ƙi Tashi

Ku da kuke tsegumi wai Malaminku bai iya gajarta magana ba, yau za ku ji kunya. Ku kasa kunne.

Akwai wani manomi mai gonar dawa a gindin dutse. Dawa ta nuna, abincin iyalinsa na shekara ke nan, birai kuwa suna ta karya zangarniya kamar su suka shuka. Sai ya tuna da bindigar mahaifinsa, tsohon soja, wadda ta daɗe a rataye cikin rumbu. Ya ciro ta yana rawa don murna. Ya dirje tsatsar jikinta da toka da lemun tsami, ya shafe katakonta da man gyaɗa, ya ɗinka mata maratayi na jar fata. Ta yi ƙyalli har maƙwabta suka taru kallo, shi kuwa sai taku yake irin na soja.

Da gari ya waye ya tafi gona, ya sa harsashi, ya auna babban biri, ya ja kunama. Ba ta tashi ba. Ya sake ja, shiru. Birin ya dube shi, ya ci gaba da cin dawa.

Ya nufi maƙera a fusace. "Sarkin Maƙera, dubi butulu. Man da ko miyata ba ta samu ba na shafa mata, ta kunyata ni a gaban biri."

Maƙerin ya cire harsashin, ya ɗaga bakin bindigar wajen rana. "Ɗan soja, ka taɓa leƙa cikinta?"

"In ga me? Ai waje ake kallo."

Maƙerin ya zura siririn ƙarfe, sai ga busasshiyar laka tana zubowa. Ashe zanzaro ne ya yi gini a ciki, ya toshe ta ƙam. Maƙerin ya ce, "Tsatsa ce ta riƙe ƙusar da ke bugun harsashi. Ka gode mata. Da ta tashi a haka, da bututun ya fashe a fuskarka, birai su gaji gona."

Suka kwance ta, suka jiƙa da kananzir, suka wanke cikinta har haske ya ratsa daga wannan baki zuwa wancan. Washegari ta yi tsawa ɗaya, dutse ya amsa, birai suka watse. Manomin ya girbe dawarsa da waƙa.

Ma'anar wannan misali ita ce, bindigar nan mu ne. Ƙyallinta shi ne kwalliyar Lahadi da zaƙin murya a sujada. Na ga wasu suna satar kallon sabuwar rigata. Ku bar ni, kyau ba zunubi ba ne, zancen ciki muke yi. Zanzaro kuwa shi ne ƙullaci da hassada: 'yar laka yau, 'yar laka gobe, ba a jin motsinsa sai zuciya ta toshe. Maƙerin shi ne Ubangiji, wanda ke leƙa inda ba mu leƙawa.

Kai da kake fushi don ka yi addu'a ba ta tashi ba, kada ka ce Allah ya kunyata ka. Wataƙila abin da ka roƙa, da ya fito ta cikin zuciyarka yadda take yanzu, kai zai fara halakawa. Ka kai masa ita ya kwance, ya wanke, har haske ya ratsa. Sa'an nan ka ja kunama.