Zalɓe da Kifin da Ba Ya Gudu

An yi wani Zalɓe a bakin wani dam, mai dogon wuya da dogayen ƙafafu, ga cika baki da ya fi su duka tsawo. Maƙwabcinsa Guza ne, ɗan zafin kai, ba a faɗa masa ɗaya bai rama da biyu ba. Na ukunsu Kwaɗo, shi ba ya kama kifi, kuma ba ya barin masu kamawa su huta da surutu.

A shekarar nan bazara ta zo da fushinta. Kogin da ke zuba a dam ɗin ya tsotse, ya bar kududdufai nan da can a tsakanin duwatsu. Rana kuwa, tun da hantsi sai ka ji kamar an kifa maka kaskon suya a ka. Duk gaɓar nan inuwa ɗaya ce tak, ta wata tsohuwar giyayya. A nan su ukun ke haɗuwa, a ɗan taɓa kamun kifi don nishaɗi, a sha hira.

To, hirar ce matsalar, domin kullum labarin Zalɓe ɗaya ne.

"Kai, da kun ga abin da na cafka yau! Giwan ruwa ne, ya kai ɗan maraƙi. Saura ƙiris in fito da shi, sai ya kuɓuce."

Guza ya ɗago kai daga kan fatsarsa. "Jiya ɗan akuya ne, yau ya zama maraƙi? Dogo, ka ji tsoron Allah! Kifinka kullum a ruwa yake girma, ko ƙayarsa ba mu taɓa gani a tudu ba."

"Hassada ce ke cin ka, mai ja da ciki. Me ka sani a kamun kifi, kai da sai ka roƙe su da tana a ƙugiya?"

"Ni ne mai ja da ciki?"

"Akwai wani a nan bayan kai?"

Kwaɗo ya yi tsalle ya dira a tsakaninsu, yana murna an samu abin magana. "Ku tsaya, manya! Abin ai bai kai faɗa ba. Gobe kowa ya fita. Kafin rana ta faɗi, wanda ya ajiye kifi mafi girma a gindin giyayyar nan, inuwa tasa ce. Wanda aka kayar ya koma rana, sai ranar da ruwan farko ya sauka. Ni ne alƙali."

Maganar komawa rana ta ɗan taɓa zuciyar Zalɓe, don ya san yadda take gasa masa ƙeya. Amma ina! Baki ya riga ya yi gaba.

"Na yarda. Guza, ka fara neman malafa tun yau."

Washegari Zalɓe bai fito da sanyin safiya ba, lokacin da kifi ke tasowa neman abinci. Wai shi ba ya rububi da ƙananan masunta. Sai da rana ta take tsaka ya taho yana taku ɗai-ɗai, ya shiga ruwa. Ruwan gefe kuwa ya yi ɗumi kamar na wanka, kifaye duk sun gangara can cikin zurfi inda ke da sanyi. Ya tsaya, ya tsaya, har wuyansa ya ƙage.

Can Allah ya kawo wata karfasa, ƙatuwa, mai sheƙi, ta ɓato hanya. Caraf! Zalɓe ya cafke ta.

Kwaɗo ya ƙwala ihu daga gaɓa. "Barka, Yaya Zalɓe! Kawo ta nan a ajiye!"

Zalɓe ya karkata ido ya dube ta. Karfasa? Shi da ya yi wa duniya alkawarin maraƙi? Ai Guza sai ya mutu da dariya. Ya buɗe baki ya sake ta, tsulum.

"Je ki ki girma, yarinya. Ni ba na wasa da yara."

Ni dai ban taɓa jin wauta irin wannan ba, amma haka aka yi.

Shi kuwa Guza barcinsa ya sha a inuwa, har da minshari. Sai da la'asar ta yi sakaliya, iska ta fara kaɗawa, ya miƙe ya soka tana a ƙugiya ya wurga. Ba a jima ba igiya ta motsa. Ya fizgo wata tarwaɗa 'yar madaidaiciya, ya shimfiɗe ta a gindin giyayya.

"Dogo! Ga tawa a tudu. Ina maraƙin?"

Zalɓe ya hango ta. Wannan ai karfasar da ya saki ta ninka ta! Ga rana ta yi ja, tana shirin faɗawa bayan dam. Tsoro ya kama shi sosai. Ya bar dam ɗin ya nufi kududdufan kogi, yana leƙa wannan, yana leƙa wancan, Kwaɗo na biye da shi tsalle-tsalle.

A wani kududdufi ƙarƙashin dutse ya gan ta. Wata kifanya ce jibgegiya, sulɓi-sulɓi, ba ɓawo a jikinta, ga gashin baki irin na tarwaɗa. Inuwarsa ta faɗa a kanta, ko gezau ba ta yi ba.

"Alhamdu lillahi! Uwar tarwaɗu!" in ji Zalɓe. "Kwaɗo, kira Guza ya zo ya ga yadda manya ke yi."

Kwaɗo ya leƙa, ya ja da baya da sauri. "Yaya Zalɓe, dakata. Ba ka ga ba ta gudu ba? Wannan fa ba tarwaɗa ba ce, min..."

"Rufe mini baki! Alƙali aka naɗa ka ko malami? Ko Guza ya ba ka ƙuda ka ci ne?"

Kifanyar ta buɗe ido ɗaya, ta ce cikin kasala, "Ɗan nan, zafi ake yi. Yi hanyarka ka bar ni in huta."

"Iya, hutu ya ƙare. Ke ko baki ba zan sa miki ba, da ƙafa ɗaya zan fito da ke, don na baya su samu labari."

Ya jira sai da Guza ya iso. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga ƙafar dama a hankali yadda kowa zai gani, ya ɗora mata a gadon baya.

Tau!

Ashe minjirya ce, kifin nan da ke jan mai taɓa shi kamar wayar lantarki. Zalɓe ya ji abin tun daga farce har ƙoƙon kai. Gashinsa ya miƙe tsaye, wuyansa ya lanƙwashe, ya yi sama yana "Wayyo! Kwaaak!" ya dawo ƙasa tim a cikin taɓo.

Minjirya ta rufe idonta. "Na ce maka zafi ake yi."

Guza ya yi ta birgima yana dukan ƙasa da jela, har hawaye. Kwaɗo kuwa dariya ta shaƙe shi, da ƙyar ya iya cewa, "Rana ta faɗi. Inuwa ta Guza ce."

Zalɓe ya taso jiƙe da taɓo, ƙafar dama a naɗe a ciki, ta ƙi taka ƙasa. Kunya ta ishe shi, amma hali ba ya barin mai shi. Ya ce, "To amma dai... kun ga girmanta?"

"Mun gani, Dogo," in ji Guza yana share hawaye. "Yau kam ba ka ƙara ko kaɗan ba. Sai dai ita ma ta kuɓuce."

Haka Zalɓe ya ƙare bazarar nan a tsakiyar rana, tsaye a ruwan gefe da ƙafa ɗaya, yana hango Guza na miƙa a inuwa. Ga shi karon farko ya samu labarin babban kifi na gaskiya, har da shaidu, amma ko an tambaye shi sai ya kau da kai. Kwaɗo ne ke bayarwa a madadinsa, kowace yamma, da iyakar muryarsa.

Darasin wannan labari shi ne, kada girman kai ya sa ka raina rabon da ya zo hannunka, kuma in ana yi maka gargaɗi, ka bari a kai ƙarshen magana. Da Zalɓe ya riƙe karfasarsa, da a inuwa ya yi bazara, da kuma ya bar Kwaɗo ya ƙarasa kalma ɗaya, da ya tsira da ƙafafunsa biyu a ƙasa.