Mutumin da Ya Karanta Lamba Ɗaya

Akwai wani mutum da aka ɗora a wata mararraba domin ya riƙa raba wasiƙu, kowace ya bi da ita hanyarta. A ƙasar nan gidaje aji uku ne: manya, matsakaita da ƙanana. Kowace wasiƙa tana ɗauke da lambobi huɗu, lambar farko kuwa ita ce ke nuna ajin gida. In ƙaramin gida ne, yakan karanta lamba uku. In matsakaici ne, biyu. In babban gida ne, ɗaya kawai yake dubawa, ya miƙa. Yana jin daɗin saurinsa ƙwarai.

Akwai wani babban gida a gabas mai lamba goma. Da gona ta yi musu kaɗan, sai ɗansu Filibus ya kwashi iyalinsa ya koma yamma, bai kuwa yar da lambar gidan ubansa ba. Ya tsaya a mararraba ya ce, "Baba, ni ma goma nake, amma yamma na koma. Don Allah ka riƙa duba lamba ta biyu."

Mutumin ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, tun ba a haife ka ba goma a gabas take. Je ka abinka."

Da damina ta yi nisa, ciwo ya kama Rahila, uwar Filibus, aka kai ta kudu wurin 'yarta Tabita. Tabita ta rubuta wa ɗan'uwanta ya zo, Inna tana kiransa. Mutumin ya ga goma, ya miƙa gabas. Ta sake rubutawa, ya miƙa gabas. Ta uku ma haka. Mutanen gidan suka ajiye su a ɗakin tsohuwa, suna tsammani gaisuwa ce.

Bayan girbi, sai ga Filibus a mararraba, idanunsa jawur, riƙe da wasiƙun nan uku da ya tarar a ɗakin uwarsa. Bai yi faɗa ba. Ya shimfiɗa su a gaban mutumin, ya ce, "Baba, karanta mini lamba ta biyu."

Mutumin ya duba. Ga ta nan ɓaro-ɓaro, sau uku: yamma.

"Kwana tara Inna ta yi tana tambaya ko na iso kafin ta rasu," in ji Filibus. Ya juya ya tafi.

Daga ran nan mutumin yake karanta kowace lamba har ƙarshe. Amma Rahila ba ta dawo ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: haka na'urorin da ke raba saƙo tsakanin kwamfutoci suke aiki a da. Sukan dubi farkon adireshi, su san ajinsa, su tura dukan saƙon gida ɗaya ta hanya ɗaya, ko da gidan ya rabu biyu. Na'ura ba ta da laifi, abin da aka koya mata ke nan. Mu fa? Mukan ji ƙabilar mutum ko sunan ubansa, mu ce mun gama saninsa. Ubangiji ba ya tsayawa a lambar farko, yana sanin kowa har inda yake zaune yau. 'Yan'uwa, akwai wanda ya taɓa tsayawa a gabanku ya ce, "Ku ƙara dubana," kuka yi dariya. Ku neme shi a makon nan, tun wasiƙa ta uku ba ta wuce ba.